Ina Muka Tsaya? Ma'aikacin da Ya Kafe a Birnin Zazzau

Tsakanin ƙarfe bakwai da takwas da rabi na safe, Ƙofar Doka ba masaka tsinke. Lokacin ne birnin Zazzau ke fitar da ma'aikatansa: malaman makaranta a bayan acaɓa, ma'aikatan jinya riƙe da fararen kayansu a leda don gudun ƙura, akawuna da lakcarori cushe a keke mai ƙafa uku ko a tsohuwar motar da aka yi mata karo-karon kuɗin mai. Wasu a Tudun Wada za su sauka, wasu Kongo, wasu Samaru, masu doguwar tafiya kuma sai Shika. Da wuya a samu garin Arewa da ya tara gidajen ilimi kamar Zariya: Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962 da asibitin koyarwarta, Kwalejin Barewa da ta tare a nan a 1949, Alhudahuda da tushenta ya koma 1910, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta 1964, kwalejin Nuhu Bamalli, ga cibiyoyin binciken noma da na dabbobi. Duk da haka, in ka tambayi masu wucewar nan yaya aiki, abin da zai biyo bayan "da godiya" sau da yawa shi ne "ana ta fama" ko "jiya i yau".

Ba malalata ba ne. Wanda ya fita da sassafe, ya dawo bayan La'asar, ya leƙa shagonsa ko gonarsa, ya je gaisuwar mutuwa a Kwarbai, ya biya asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ya duba ɗan uwa, sannan ya zauna duba takardun jarrabawa da hasken waya, ba a kiransa rago. Abin da ke damunsa kafewa ce irin ta mota a laka da damina: inji na ruri, taya na juyawa, mai na ƙonewa, amma mota na nan inda take, ƙara taka totur ma ƙara nutsar da ita yake yi. Kundin digiri na uku ya yi shekaru a babi na uku. Ƙarin girma na jiran maƙalu biyu da ba a rubuta ba. Kwas ɗin ƙwarewa da ma'aikaciyar jinya ta ƙudura tun tana amarya har yanzu ko fom ba ta cika ba. A 'yan shekarun nan wata sana'a ta ɓullo da alƙawarin tsamo irin waɗannan mutane, wato aikin koci na ma'aikata, wanda ake tallarsa a Facebook da WhatsApp da ɗakunan taro na otal a Kaduna da Abuja. A ganina akwai abu guda mai amfani ƙwarai a cikinta, ɗan ƙarami ne kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa: tambaya mai tsari da ke ƙarewa da aiki guda, da ranar gama shi, da mutumin da zai dawo ya ce ina aka kwana. Duk abin da aka ɗora a kan wannan, yawancinsa ado ne.

Daga filin wasa sana'ar ta samo asali. A 1974 wani mai koyar da wasan tanis a Amurka, Timothy Gallwey, ya fitar da littafin da ya yi iƙirarin cewa babban abokin gabar ɗan wasa shi ne surutun da ke cikin kansa, kuma yawan ba shi umarni ƙara rikita shi yake yi. Wani Bature ɗan Ingila, John Whitmore, tsohon direban tseren mota, ya ɗauko wannan tunani ya kai shi ofisoshi, a 1992 kuma ya yaɗa tsarin tambayoyi huɗu da har yau akasarin masu sana'ar ke bi: me kake so ka cim ma, a ina kake yanzu a zahiri, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, wanne za ka ɗauka kuma yaushe. Batun sauya mahanga da masu sana'ar ke tallatawa kuwa daga likitanci aka aro shi. Tun a shekarun 1960 likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya lura cewa masu damuwa suna da wasu jimloli da ke faɗo musu a rai kai tsaye, kamar "ni ba na taɓa yin nasara", kuma in aka sa mutum ya zauna ya auna jimlar da hujja, kamar yadda alƙali ke auna da'awa, sau da yawa ba ta tsayawa da ƙafarta. Abin da ake nufi da sauya mahanga ke nan a asali, bincikar labarin da mutum ke ba kansa. Masu tallar zamani ne suka mayar da shi kirari da tafi.

A ce lakcara ne ya zauna da wanda ya iya wannan aiki. "Malam, me ya tsayar da babi na huɗu?" Sai ya jero: mai duba aikin ba ya zama, ga yajin aiki, ga rashin wuta, ga ɗalibai ɗari huɗu a aji guda. Duk gaskiya ne, kuma koci na gari ba zai musa ko ɗaya ba. Zai dai ƙara tambaya: "Yaushe rabonka da ka aika masa da wani abu a rubuce?" "To, an kwana biyu." "Wata nawa ne kwana biyun?" A nan ne yawanci shiru ke biyowa, domin labarin "an hana ni" ya fara rabuwa gida biyu, abin da aka hana shi da gaske da abin da shi ya daina nema saboda ya gaji da jin kunyar mai duba aikin. Ba a tashi zaman sai an tsayar da magana: shafi biyar, ko da cike da kurakurai, kafin Juma'ar sama, kuma ranar Asabar za a kira a ji. Babu wani sirri da ya wuce wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin mai tambaya shi ne ya hana shi kau da kai daga wurin.

Shin akwai hujjar cewa irin wannan na aiki? Wadda ta fi kusa da mu daga Lome ta zo, babban birnin Togo. Masu bincike na Bankin Duniya tare da masanin halayyar ɗan Adam Michael Frese sun ɗauki masu ƙananan sana'o'i 1,500 suka kasa su uku a 2014. Kaso ɗaya aka koya musu darussan kasuwanci da aka saba, lissafi da talla da adana bayanai. Kaso na biyu aka horar da su kan yunƙurin kai: hango matsala kafin ta iso, sa wa kai buri, fara abu ba tare da jiran umarni ba, da komawa bayan faɗuwa. Na uku ba a yi musu komai ba. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2017 ya nuna ribar kaso na biyu ta ƙaru da kashi 30 cikin ɗari a cikin shekara biyu, ta masu darasin kasuwanci kuwa kashi 11, wanda ma masu binciken suka ce bai kai a kafa hujja da shi ba. A ɓangaren ma'aikatan ofis, Teresa Amabile ta Jami'ar Harvard da Steven Kramer sun tattara bayanan kullum kusan 12,000 daga ma'aikata 238 a kamfanoni bakwai, suka gano cewa abin da ya fi ɗaga ran ma'aikaci a yini shi ne ya ga ya ci gaba, komai ƙanƙantarsa, a aikin da yake ganin girmansa. Wannan ya juya tunanin da aka saba: mutane na jiran ƙwarin guiwa ya zo kafin su motsa, alhali motsin ne ke haifar da shi. Sai dai kada a zuzuta. Shahararriyar nazariyar Carol Dweck kan imanin mutum cewa basira na ƙaruwa, da aka gwada ta a kan ɗalibai fiye da 12,000 a Amurka aka buga a 2019, ƙarin makin da ta kawo kaɗan ne, kuma ya fi bayyana ga masu rauni a makarantun da yanayinsu ya ba da dama. Gyaran tunani shi kaɗai ɗan turi yake bayarwa. Sai ya haɗu da aiki da yanayi yake zama tafiya.

Suka mafi nauyi a kan wannan sana'a ita ce ta aljihu, kuma duk wanda ya raina ta bai san Zariya ba. Daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022 jami'o'in tarayya a rufe suke, aka kuma riƙe albashin malamai na watannin; gari irin wannan da masu shago da masu haya da 'yan acaɓa ke rayuwa da kuɗin jami'a, kowa ya ji a jikinsa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan jarrabawar gwaji. A 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, ta tsallake 1,000 a shekarar da ta biyo baya. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024, mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin shekarar kuwa bai kamo ta ba. Wanda ya zo ya ce wa malamin firamare matsalarsa tunaninsa ne, cin fuska ya yi masa, kuma ya wanke masu laifi. Na yarda da wannan suka ɗari bisa ɗari. Amma ita kanta hujjar tana da wani gefe. Binciken da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokansu suka buga a 2013 kan manoman rake 464 a kudancin Indiya ya nuna mutum ɗaya ya fi cin gwajin tunani bayan girbi, lokacin da kuɗi ke hannunsa, fiye da kafin girbi. Ƙunci na cinye hankali, yana sa mutum ya ga na yau kaɗai. Ma'ana, wanda tsada ta matsa shi ne ya fi buƙatar wani daga waje da zai riƙe masa zaren abin da ya wuce cefanen gobe. Fafutukar albashi aikin ƙungiya ce, a bar wa ƙungiyoyin malamai irin su ASUU da NUT da takwarorinsu, a kuma mara musu baya. Shafi biyar na babi na huɗu kuwa ba ƙungiyar da za ta rubuta wa mutum.

Suka ta biyu ta fi daɗin ji a kunnen Bazazzagi: me za a koya mana a fagen shawara, mu da muke da malamai da dattawa da majalisa a kowane lungu? Akwai gaskiya a ciki fiye da yadda masu faɗinta suka zata. Ka shiga zauren malami a Unguwar Kona ko Juma bayan Asuba ka ga tsarin. Kowane ɗalibi da littafinsa, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wani Risala, dattijon can gefe kuma Muhtasar. Ba a haɗa su aji guda. In layi ya zo kan mutum sai ya matso, ya buɗe daidai inda aka tsaya jiya, ya ja baƙi, malam na fassarawa yana amsawa da "na'am", har malam ya ce "wallahu a'alamu", karatun yau ya ƙare ke nan, wataƙila layi biyar kacal. Gobe kuma a ɗora. Wanda ya yi fashin kwana uku, za a tambaye shi lafiya. Kowa da saurinsa, ƙaramin mataki kullum, da idon da ke lura: duk abin da littattafan koci ke wa'azi a kai yana nan a shimfiɗe a kan buzu, kyauta, tun kafin a haifi Whitmore. Da haka teloli da 'yan kasuwa suka sauke manyan littattafai a cikin shekaru, ba tare da sun bar sana'arsu ba.

Matsalar ita ce wannan tsari bai ƙetare zaure ya shiga harkar aiki ba. In ma'aikaci ya kai kukansa ga babba, amsa biyu ce ke jiransa. Ta farko: "Ka yi haƙuri, ɗana, komai lokaci ne." Ta biyu: "Bari in yi wa wane magana." Dukansu alheri ne, kuma kowace na da ranarta, amma duka biyun suna cire al'amarin daga hannun mai shi, ɗaya ta miƙa wa lokaci, ɗaya ta miƙa wa ubangida. Ladabi ma na taka rawa. Ƙarami ba ya iya cewa "Allah gafarta Malam, ba wannan ne ke damuna ba", sai ya sunkuyar da kai ya ce "na gode, Allah ya ƙara girma", ya fita da matsalarsa yadda ya shigo da ita. Majalisa kuwa wurin rage zafi ce. Ana kuka tare, ana dariya tare, kuma wanda ya ce zai yi wani abu ba wanda zai tuna masa mako mai zuwa, don kada a ce an sa masa ido. Masu fakewa da ƙaddara su ma malaman zauren nan sun riga sun ba su amsa, tunda ba malamin kirki da ya taɓa karantar da cewa tawakkali na kore riƙo da sababi.

Tarihin garin ma na da misalin abin da ke faruwa in aka haɗa mutum da aiki takamaimai da wa'adi da mai duba shi. Abubakar Imam malamin Midil ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar rubutun 1933 da Ruwan Bagaja. Rupert East na Hukumar Talifi ya nemi a ba da aronsa, ya zo Zariya a 1936, aka tara masa littattafan tatsuniyoyi na ƙasashe daban-daban, aka ba shi kimanin wata shida da mai karanta abin da ya rubuta yana mayar masa da gyara. A wannan zama aka samu Magana Jari Ce, kuma a 1939 ya zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ba ina cewa Imam kafaffe ne kafin nan ba, kuma basirarsa tasa ce, ba East ya ba shi ba. Abin lura shi ne ba huɗubar ƙarfafa guiwa aka yi masa ba. An sauke masa wani nauyi, an ɗora masa wani, an sa rana. Shugabannin sassa a jami'a da asibiti da sakatariyar ƙaramar hukuma da ke son ma'aikatansu su motsa, nan ya kamata su duba kafin su kashe kuɗi a taron bita na kwana biyu da kowa ke zuwa don alawus.

Sai batun 'yan damfara, wanda ba sai an daɗe a kansa ba. Ba kamar likita ko lauya ba, babu lasisin da doka ta wajabta wa mai kiran kansa koci. Ko babbar ƙungiyarsu ta duniya da aka kafa a 1995, shaidarta ta ganin dama ce. Saboda haka kowa na iya ɗinka kwat ya buga hoto ya fara karɓar kuɗi. Gane su ba wuya: wanda ya fi ka magana a zaman, wanda ya yi alƙawarin arziki cikin wata uku, wanda ƙarshen zancensa shi ne ka sayi wani kwas ko ka zuba kuɗi a wata harka, ka riƙe aljihunka. Haɗarin da ya fi wannan shi ne a ɗauki cuta a matsayin kasala. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bayyana ƙonewar ma'aikaci a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa, mai alamu uku: gajiya mai tsanani, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Wannan kan sassauta in an gyara yanayin aiki. Amma wanda barci ya ƙaurace masa makonni, abinci ya fita ransa, ya daina jin daɗin komai, ko ya fara tunanin mutuwa ta fi masa, likita yake buƙata, a asibitin koyarwa da ke Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, kuma kocin da bai san iyakarsa a nan ba zai iya yin kisa da kyakkyawar niyya.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba su hango ba. Suna rubutu ne ga mutumin da rayuwarsa tasa ce shi kaɗai, wanda zai iya ajiye aiki ya koma wani gari don bin burinsa. Ma'aikacin cikin ganuwa yana zaune ne a gidan gado, albashinsa na da masu haƙƙi tun kafin ya shigo: mahaifiya, ƙanne a makaranta, marayun yaya, gudummawar biki da suna. Kocin da ya ce masa ya koyi cewa a'a ga dangi bai fahimci cewa waɗannan mutane su ne inshorarsa ranar da albashi ya tsaya ba, kamar yadda aka gani a 2022. Tambayar da ta dace ta fi wannan taushi kuma ta fi wuya: cikin hidimomin nan, wanne ne dole sai kai da ƙafarka, wanne ne aike ko waya za ta wadatar, wanne ne kake yi don tsoron bakin mutane kawai? Sau da yawa awa uku a mako na ɓoye a nan, kuma awa uku a mako sun isa rubuta maƙala a zango guda.

Su wa za su yi wannan aiki a Zariya, inda kaɗan ne za su iya biyan koci daga albashi? Garin cike yake da waɗanda suka yi ritaya bayan shekara 35 na aiki ko cikar shekara 60, tsofaffin shugabannin makarantu, manyan ma'aikatan jinya, magatakarda, mutanen da suka san ƙa'idar ƙarin girma da inda fayil ke maƙalewa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai irin na Barewa da Alhudahuda, da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata, suna iya haɗa kowannensu da mutum uku ko huɗu. Horon da suke buƙata gajere ne amma mai ɗaci ga dattijo: ya yi tambaya ya yi shiru, ya danne labarin zamaninsa. Kada kuma a haɗa mutum da shugabansa na ofis ko surukinsa ko maƙwabcinsa, domin a birnin da kowa ya san kakan kowa, tsoron fitar sirri ya isa ya rufe baki. Mata sai mata. Malamar asibiti mai aure ba za ta zauna ita kaɗai da namiji tana zayyana masa damuwarta ba, kuma ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa mata su jagoranci mata, tunda Nana Asma'u ta tsara malamanta mata, wato jaji, a kan haka tun ƙarni na 19. Ga wadda ke fitowa daga aikin dare ta tarar da girki da yara, zaman ma sai dai ya zama ta waya, minti ashirin, a lokacin da ita ta zaɓa. Takardar da ake rubuta alƙawari da ranarsa kuma a hannun mai alƙawarin za ta zauna, ya zo da ita zama na gaba, ya koma da ita gida.